Dutsen da Ya Nufi Gidan Tasi'u

Daren jiya Haladu mai aski ya yi wani mafarki, kuma shi kansa ya san inda mafarkin ya samo tushe. Da yamma a teburin mai shayi, shi ne ya fara kawo labarin da ya ji a rediyo, wai masana sun hango wani dutse yana yawo a sararin samaniya, kuma ba su gama tabbatar da ko zai taɓa duniya ko zai bi ta gefe ya wuce ba. Ya faɗa, ba wanda ya ɗago kai daga kofinsa. Can sai ƙanensa Tasi'u ya iso, ya ciro waya ya karanta wannan labarin dai, bai ƙara komai ba bai rage komai ba, sai ga mutane sun kewaye shi, wannan yana salati wancan yana tambaya, har mai shayi ya bar madara ta zube. Haladu ya shanye shayinsa da zafinsa ya kama hanyar gida. Tun suna yara haka abin yake. Shi zai yi magana ta faɗi ƙasa, Tasi'u ya tsince ta ya kaɗe mata ƙura, sai a ce yaron nan akwai basira.

A mafarkin ya tsinci kansa a garinsu, sai dai garin ya ɗan karkace. Hanyar kasuwa ta juya, don haka duk mai son ya isa can sai ya tafi da baya. Hayaƙin murhu ƙasa yake shiga. Inuwar mutum takan riga shi fita da safe, in ya makara ya tarar ta soma masa aiki. Haladu ya tarar tasa ta buɗe shago, ta yi shara, ta zaunar da Alhaji Barau mai kayan gini a kujera ta ɗaura masa ƙyalle a wuya. Bai yi mamaki ba. Ya yi mata sannu, ya karɓi kilifa.

Ya gama rabin kan ke nan sai hayaniya ta tashi a waje. Suka leƙa. Ga dutsen nan a sama da rana tsaka, kusa da rana, kamar dutsen niƙa, yana jan wani farin gemu mai tsawo a bayansa. Ba sauri yake yi ba. Yakan ɗan taho, ya tsaya ya huta, ya sake tahowa.

Gari ya ruɗe. Kowa ya ciro waya yana tura wa ɗan'uwansa labari, kuma duk lokacin da wani ya tura sai dutsen ya ƙara kumbura, amma ba wanda ya daina turawa, domin kowa yana ganin wajibi ne ya sanar da mutane cewa dutsen yana kumbura. Mai tuyar masa ta kifa tanda a kanta. Laima ta ƙare a kasuwa. Wani magidanci ya ɗauki diga ya soma haƙa rami a tsakar gidansa don ya ɓuya, ya yi ta haƙa har ya ɓullo a kan rufin ɗakinsa, ya fi kowa kusa da dutsen. Shayi ya ƙi fitowa daga buta saboda tsoro. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka riƙa tare juna a hanya suna neman gafara. Shi ma Haladu ya tsaya da kilifa a hannu yana tunanin matarsa Sahura da yaransu.

Ana haka sai ga jakin hukuma, wanda shi ne mai shela a garin, da lasifika ɗaure a bayansa. Ya tsaya a mararraba ya gyara murya.

"Jama'a a kwantar da hankali. An gano inda zai sauka. Gidan Tasi'u ne, mai jar ƙofa, na bayan tasha."

Sannan duk garin ya sauke ajiyar zuciya lokaci ɗaya, har iskar ta kwashe wa mutane huluna. Wani daga baya ya ce lalle Tasi'u mai sa'a ne, duk faɗin duniyar nan a ce gidansa aka zaɓa. Wani ya ce ai dama ga fuskarsa nan, irin mutanen da abu ke samu ne. Kafin Haladu ya gama juyowa, Alhaji Barau ya riga ya bi taron da rabin aski, ƙyallen yana lilo a wuyansa.

A ƙofar gidan Tasi'u an kafa rumfa, an jera kujerun roba, makaɗa sun zo ba wanda ya kira su. Inuwar dutsen ta shimfiɗe a tsakar gida kamar baƙar tabarma, mutane sun yi layi kowa yana so ya taka ta. Masana sun iso daga ƙasashe masu nisa da na'urorinsu, sun auna ƙofar gidan, sun auna kan Tasi'u, sun gyaɗa kai sun ce daidai ne. A ɓangaren mata Haladu ya hango Sahura tana yanka albasa, sanye da atamfar da ya saya mata tun bara, wadda ta ce ta ajiye sai babbar rana.

'Yan jaridar garin aku ne, kuma sun cika katanga. Su ne suka raɗa wa abin suna Dutsen Tasi'u, ɗaya ya faɗa sauran suka ɗauka. Sun kewaye Inna, mahaifiyar su Haladu, wadda aka zaunar a kujera mai hannu a tsakiyar rumfa. Tana ba su labarin yadda tun Tasi'u yana rarrafe, in aka ajiye shi a gindin mangwaro, a cinyarsa nunanne yake faɗowa. Wani aku ya tambaye ta ko tana da wasu 'ya'yan.

Inna ta kau da kai ta ce, "Akwai wancan, yayansa. Yana nan yana aski."

Haladu ya san alkunya ce, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ya san haka tun yana yaro. Amma ya lura ba aku ko ɗaya da ya maimaita maganar.

Da Tasi'u ya hango shi sai ya taso daga cikin manyan baƙi, ya ratso taro ya durƙusa a gabansa, ya gaishe shi kamar yadda ya saba.

"Yaya, sannu da zuwa. Wallahi ni ban nema ba."

Wannan ce maganar da ta fi ƙona Haladu. Da Tasi'u ya yi taƙama, da abin ya zo da sauƙi. Amma bai taɓa neman komai ba, komai ne ke nemansa. Haladu ya yi masa barka, ya ɗaga kai ya dubi rufin gidan. Tsohon kwano ne, shi da hannunsa ya taya buga ƙusoshin. Tsakar gidan ko akuya uku ba za ta ɗauka ba. Gidan Haladu kuwa ya fi fili, ya fi tsayin katanga, kuma shi ya fara gini. Ya yi ta juya wannan a ransa har aka miƙo masa shinkafa a faranti ya ce ya ƙoshi.

Sai kawai ya ga kansa a Ofishin Abubuwan da ke Faɗowa. Zabbi ne ma'aikatan, suna ta guje-guje a baranda suna magana dukansu lokaci ɗaya. Ya wuce sashen ruwan sama, ya wuce sashen ƙanƙara, ya wuce sashen kashin tsuntsu inda layi ya fi tsawo, har ya isa ɗakin shugaba. Shugabar hawainiya ce. Tana zaune a kan hannun kujera, ido ɗaya ta ɗaga shi ta wata kafa a rufi yana bin dutsen, ɗayan kuma ta sauke shi a kan Haladu.

"Ranki ya daɗe, an yi kuskure," in ji shi. "Ni ne babba."

"Dutse ne fa, Malam Haladu. Rushe gida yake yi."

"Na sani. Amma ko rushewa ce, ai da babba ake farawa."

Ya ci gaba da bayani. Ya faɗi faɗin tsakar gidansa, ya faɗi cewa shi ya fara jin labarin tun kafin kowa, ya ce ba wai yana baƙin ciki da Tasi'u ba ne, ƙanensa ne ciki ɗaya, tsari kawai yake so a bi. Yana magana hawainiyar tana sauya launi, daga launin kujera zuwa launin rigarsa, daga nan zuwa wani launi da bai taɓa gani ba, mai ɗaci a ido. Ya tambaya ko ba ta da lafiya ne. Ta ce lafiyarta ƙalau, launin cikinsa ne ya kama ta.

Daga nan ta gaya masa gaskiyar aikinsu. Ofishin ba ya aika komai ko'ina. Jira suke abu ya faɗo, sannan su sanar cewa dama sun sani. In yana da magana da dutse, to ya je ya same shi da kansa. Hanyar sama kuwa ta rijiyar bayan ofis take.

Haladu ya rataya jakar askinsa ya shiga guga, zabbi suka kama igiya suka zura shi. Yana ƙara nutsewa haske yana ƙaruwa, har ya ɓullo a wani fili mai sanyi, ba ƙasa ba bango. Can ƙarƙashinsa ga garinsu kamar gero a faifai. Kusa da shi kuma ga dutsen zaune yana haki. Tsoho ne tukuf, fuskarsa duk ramuka, gemun nan ya yi tsawo har ƙananan taurari sun maƙale a ciki kamar ƙarangiya.

Haladu ya cire takalmi ya yi sallama, ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi waɗanda aka baro. Da dutsen ya buɗe baki, muryarsa kamar ana jan turmi a kan siminti. Ya ce tun da ya taso ba wanda ya taɓa yi masa sannu da hanya, duk inda ya bi nuna shi ake yi da yatsa ana ihu.

Haladu ya bari suka ɗan saba, sannan ya tambaya a hankali me ya sa aka zaɓi gidan Tasi'u. Dutsen ya ce shi bai san wani Tasi'u ba. Ya leƙa ƙasa ne kawai, kowa yana gudu, sai ya ga wani mutum ya ɗago kai daga wankin babur ya yi masa murmushi, shi ke nan ya nufi wajen. Wannan murmushin Haladu ya san shi sarai. Tasi'u yakan yi shi ba dalili, ya yi wa mai kanti, ya yi wa ɗan sanda, ya yi wa bango, kuma kullum sai ya biya.

"Baba," in ji Haladu, "baƙo irinka bai kamata ya shiga gari da wannan gemun ba. Mutane za su ce ba ka da kowa."

Dutsen ya yarda. Haladu ya yago gajimare ya yi kumfa, ya fara da almakashi, ya tsince taurarin ɗaya bayan ɗaya ya sake su. Sannan ya wasa aska a tafin hannu ya bi fuskar a hankali, rami rami, yana ja yana gogewa. Bai taɓa yin aski mai kyau irin wannan ba, kuma ya ji haushin cewa ba wanda yake kallo. Gemun ya riƙa zuba ƙasa kamar auduga. Sau ɗaya kawai hannunsa ya zame ya ɗan yanke shi a bayan kunne, ya danne wurin da yatsa har jinin ya tsaya. Da ya gama ya ɗaga madubi. Dutsen ya juya dama ya juya hagu, ya ce ashe shi yaro ne. Ya tambayi Haladu abin da zai yi masa.

"Ka sauka a wajena. Gidana ya fi fili."

"Da mutane a ciki?"

"Akwai iyali."

"Ka san ni in na sauka ba na tashi."

"Mu ma ba ma korar baƙo," in ji Haladu.

Sai ya ga kansa a tsakar gidansa, kuma inuwar dutsen ta riga shi isowa, ta rufe daga bakin rijiya har zaure. Ya ɗauki tsintsiya da kansa ya share ko'ina, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa tabarmi har da na aro. Ya sa shaddarsa ta sallah, ya fesa turare, ya fito da kujera ƙofar gida ya zauna ya harɗe ƙafa. Ya shirya abin da zai ce wa 'yan jarida. Ya yanke shawara zai ce shi ma bai nema ba.

Jakin hukuma ya bi unguwa da sabuwar shela, cewa dutse ya sauya hanya, yanzu gidan Haladu mai aski ya nufa. Haladu ya gyara hula ya jira kiɗa. Ba kiɗa. Can wata mata ta ce, da muryar mai tuna abin da ta bari a wuta, "Ashe fa dutse ne."

Kamar jira ake yi a faɗa. Tsoron nan da aka ajiye tun ɗazu kowa ya koma ya ɗauko nasa. Maƙwabtan Haladu suka naɗe gidajensu kamar tabarma suka saɓa a kafaɗa suka yi gaba, har da mai katangar da suka yi shekaru suna gardama a kanta. Masana suka ɗaga na'urori suka ce wani ya aske wa dutsen gemu, kuma gemun ne dama yake rage masa gudu. Suka tattara kayansu. Mutane suka koma can bayan gari suka tsaya a kan tudu suna hange. Aku suka zo suka sauka a wayar lantarki nesa da gidan, suna ta faɗin Dutsen Tasi'u ya sauya hanya, Tasi'u ya tsira. Ɗaya ya ɗaga murya ya tambayi Haladu yaya yake ji a matsayinsa na ɗan'uwan mutumin da ya tsira.

Sahura ta dawo da tukunya a ka. Ta dubi inuwar, ta dubi tabarmin, ta dubi shaddar jikinsa.

"Malam, kai ka kira shi?"

Ya ce baƙo ne, kuma ya riga ya ba shi masauki. Ba ta yi gardama ba. Ta shiga ta goya ƙaramar, ta kama hannun sauran, ta zuba kaji a kwando ta ɗora a kai. A zaure ta tsaya ta ce ya taho su tafi, kome ke nan a yi maganar a can. Ya ce maigida ba ya fita ranar da baƙo zai sauka. Sai ta fita. Inuwarsa ta yi jim a bakin ƙofa, ta bi su.

Can a kan tudu ya hango Inna. Ta ɗaga hannu sama tana gode wa Allah da Ya kuɓutar da Tasi'u. Ta shafa, ta juyo, sannan ta hango shi, ta kira da ƙarfi, "Kai wannan, fito mana." Muryarta tana rawa, ya ji. Amma ya ji wanda aka fara ambata.

Ya koma tsakar gida ya zauna shi kaɗai a kan tabarmin da ya shimfiɗa wa jama'a. Dutsen ya cika rabin sama, fuskarsa sumul tana sheƙi, har yana iya ganin ɗan yankan nan na bayan kunne. Iska ta yi ɗumi. Kwanon rufi ya soma kaɗawa. Ya tuna yaran, ya tuna ashe bai ko shafa kansu ba da za su fita. Duk da haka, can ƙasan tsoron akwai wani ɗan daɗi da bai mutu ba, domin duk mutanen da ke kan tudun nan gidansa suke kallo.

Sai ya ji sallama a zaure. Tasi'u ne, da tabarma a hammata da jug ɗin kunu a hannu. Ya cire takalmi, ya shimfiɗa tabarmarsa kusa da ta Haladu, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa.

"Yaya, na zo in taya ka zama."

Daga kan tudu wata irin sowa ta taso. Aku suka tashi sama suna faɗin Tasi'u mai zumunci, Tasi'u ya koma ƙarƙashin dutsensa. Makaɗa suka saki ganga. Inna ta fashe da kuka, kuka na gaske, irin wanda ake riƙe mutum. Haladu ya ji idanun garin gaba ɗaya sun matsa daga kansa zuwa gefensa, tazarar da ba ta fi kamu ɗaya ba. Ya je har sama, ya yi askin da bai taɓa yi ba, ya rasa maƙwabta, ya rasa inuwa, kuma yaron nan ya shigo da jug ɗin kunu ya kwashe komai.

Ya ce masa ya tashi ya tafi. Tasi'u ya ce ba inda za shi. Ya ce masa dutsen nan nasa ne, shi ya je har can ya roƙo shi.

"Na sani, Yaya. Da na ɗaga kai na ga askin na gane hannunka ne."

Tasi'u ya zuba kunu a kofi ya ajiye a gabansa, ya ci gaba da magana kansa a ƙasa. Ya ce tun da aka yi shela bai iya haɗiye ko loma ba. Mutane suna rawa a ƙofar gidansa, suna taka inuwa, suna cin shinkafa, ba wanda ya tambaye shi inda zai kai matarsa da jaririnsu. Kowa barka yake masa, shi kuma kunya ta hana shi cewa tsoro yake ji. A duk taron nan, in ji shi, mutum ɗaya ne ya shigo bai yi dariya ba, ya ƙi cin abinci, ya tsaya yana duban rufi. Tun a lokacin ya san Yaya ba zai bar abin haka ba.

"Na san don ni ka yi," in ji Tasi'u.

Haladu ya buɗe baki. Ba abin da ya fito sai 'yan guntayen gashi, irin waɗanda ake sharewa a shago da yamma. Ya rufe bakin.

Dutsen ya sauko har ya taɓa kan bishiyar dogonyaro, ganye suka soma ƙonewa. Ƙara ta cika gidan, ƙasa tana girgiza, kunu yana tsalle a kofi. Tasi'u ya sunkuya yana addu'a, ƙeyarsa ta fito fili. Haladu ya dubi ƙeyar. A kanta ya koyi aski, lokacin Tasi'u yana ɗan mitsitsi, yakan zauna a kan turmi ya runtse ido, ko an yanke shi ba ya kai ƙara wajen Inna.

Haladu ya miƙe. Ya kama Tasi'u ta kafaɗa ya tashe shi tsaye, ya juya shi ya fuskanci zaure, ya soma tura shi. Tasi'u ya yi nauyi kamar buhun yashi jiƙaƙƙe, yana cewa Yaya ka bari, Yaya tare za mu zauna. Haladu ya sa ƙirji, ya kafe ƙafa, shaddar ta yage a hammata. Bai sani ba ko yana tura shi ne don kada dutse ya same shi, ko don kada a ce da shi aka yi. Duka biyun suna nan, kuma da hannu ɗaya suke turawa. Suna matsawa zauren yana ja da baya. Ƙarar ta ƙaru har ya daina jin muryarsa, amma ya san yana faɗin fita, fita, kuma ƙafar Tasi'u ɗaya ta kusa taka dokin ƙofa.

Ƙarar ta injin markaɗen maƙwabta ce, an tashe shi da sassafe. Haske ya shigo ta taga. Haladu yana kwance a gefen katifa, jikinsa sharkaf da gumi, tafukan hannunsa biyu manne da bango. Sahura ta leƙo da robar wake a hannu ta ce ya tashi ya yi sallah, ya makara.

"Ya fita?" in ji Haladu.

"Wa?"

Haladu ya ƙara danna bangon da ƙarfi, ko da saura, sannan ya sauke hannunsa.